Gishiri lu'ulu'u ne? Amsa kan kalmomin da ake siffanta kiristal da su

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamar kimiyyar sinadarai ce a wata sakandaren 'yan mata a nan Sakkwato, shekarata ta biyu ke nan da fara koyarwa. Da muka zo darasin kiristal na so in sauƙaƙa wa yara, sai na ce musu lu'ulu'u ke nan da Hausa. Ina kawo gishiri a matsayin misali sai aji ya tuntsire da dariya, wata ta ce in dai gishiri lu'ulu'u ne to innarta ta fi kowa arziki a unguwarsu. Gaskiya ni kaina kalmomin suna rikita ni. Latis, yunit sel, sistem, habit, polimof, sai in ga kamar abu ɗaya ake ta maimaitawa. Don Allah mene ne ainihin ma'anar kiristal, kuma yaya zan bambance waɗannan kalmomi?"

Wa alaikumus salam Malama. Yarinyar nan ki yi mata uzuri, kunnenta na Hausa ne ya yi aiki. Tambayarki kashi biyu ce: da wace kalma za a kira abin a bakinmu, sannan yadda za a warware tarin kalmomin da littafi ya jibge a babi ɗaya. Na daɗe ina koyar da wannan babi, kuma abin da na gano shi ne kalmomin gida biyu ne. Wasu suna magana a kan abin da ke cikin kiristal, wanda ido ba ya gani. Wasu kuma suna magana a kan surarsa ta waje. Kusan duk ruɗanin da ɗalibai ke shiga daga gauraya gidajen nan biyu yake fitowa.

Lu'ulu'u kalma ce da muka aro daga Larabci, inda take nufin ƙwayar nan mai sheƙi da ake cirowa daga cikin ƙumbar teku. A wurinmu ta faɗaɗa ta haɗa da duk wani dutse mai tsada da ƙyalli. To tsada da ƙyalli babu ko ɗaya a cikin ma'anar kiristal. Turawa su ma da kuskure suka fara, domin kalmar daga Girkanci take, kuma asalin ma'anarta ƙanƙara. Mutanen da sun ɗauka farin dutsen nan garau da ake kira kwaz ƙanƙara ce da ta daskare har ta kasa narkewa. Abin da ke burge ni shi ne mu ma kalma ɗaya muke ba ƙanƙarar da ke faɗowa daga sama da ƙanƙarar dutse da ake ƙyasta wuta da ita, wadda ita ma kwaz ce. Shawarata ki bar kalmar kiristal yadda take, kamar yadda muka karɓi asibiti da mota. In yara sun nemi fassara, ki ce daskararren abu mai jeri.

Sahu da cincirindo

Ki sa su tuna filin Idi ranar sallah. Kafin a tayar, mutane suna ko'ina, wani ya matsu da wani, can kuma fili. Ana cewa a daidaita sahu sai kowa ya sami wurinsa, kafaɗa da kafaɗa, tazarar sahu da sahu iri ɗaya. Wanda ya ga sahu uku na farko zai iya faɗin inda mutumin sahu na hamsin yake tsaye ba tare da ya je can ba. Kiristal ke nan: daskararren abu wanda ƙwayoyin zarrarsa suka jeru bisa tsari ɗaya da ke maimaituwa a tsawo da faɗi da zurfi, har zuwa nesa. Wanda ƙwayoyinsa suka daskare a cincirindo kamar cunkoson Tsohuwar Kasuwa shi ake kira amofos, wato marar tsari. Gilashi haka yake, roba ma mafi yawanta haka, da alewar da aka dafa ta sandare garau.

Wannan bambanci na ciki yana fitowa fili ta hanya biyu da za ki iya nunawa. Kiristal yana narkewa ne a ma'aunin zafi guda: ƙanƙara a digiri 0, gishiri a digiri 801. Dalili shi ne ƙwayoyin duk a irin matsayi ɗaya suke, ƙarfin da ke riƙe da su ɗaya ne, sai su saki tare. Gilashi kuwa laushi yake yi a hankali, shi ya sa ake iya lanƙwasa shi a wuta. Ta biyun ita ce fashewa. Ki ɗora wuƙa a kan babbar ƙwayar gishiri ki buga, za ta tsage sumul, gutsattsarin su fito da kusurwa a miƙe. Kwalba in ta fashe sai dai baki mai lanƙwasa. Kofunan gilashin nan masu ƙyalli da ake sa wa amare a kabad, waɗanda 'yan kasuwa ke kira kiristal, ko kusa ba kiristal ba ne a wurin mai ilimin sinadarai.

Kalmomin ciki

A nan nake son mu daɗe, don nan ne ɗalibai ke zamewa. Latis ba ƙwayoyin zarra ba ne. Jerin ɗigo ne kawai na lissafi, wanda in ka tsaya a kan kowanne ka duba kewaye, abin da za ka gani iri ɗaya ne da wanda za ka gani daga kowane ɗigo. Ni da shuka nake kwatanta shi. Manomi ya bi gona da sungumi yana sara, taki ɗaya rami ɗaya, layi bayan layi. Jerin ramukan nan shi ne latis. Abin da mai bin bayansa ke jefawa a kowane rami, ko gero zalla ko gero da wake, shi ake kira motif ko besis. Sai an haɗa jerin ramuka da abin da aka zuba a ciki sannan a sami tsarin kiristal. Gona biyu suna iya zama da jerin ramuka iri ɗaya amma shukarsu daban. Haka jan ƙarfe da gishiri da daimon suke: latis ɗinsu iri ɗaya ne, sai dai a kowane ɗigo jan ƙarfe yana da ƙwaya ɗaya, gishiri yana da sodiyom ɗaya da kilorin ɗaya, daimon kuma yana da kabon biyu.

Yunit sel kuma shi ne ɗan ƙaramin akwatin da in aka yi ta jera irinsa gefe da gefe, sama da ƙasa, ba tare da juya shi ba, zai haifar da kiristal ɗin gaba ɗaya. Ki kawo atamfa aji ki ce su nemo mafi ƙanƙantar yanki da in an maimaita shi zai ba da zanen turmin duka. Da sun samo shi sun fahimci yunit sel. Ana siffanta akwatin da lambobi shida, tsawon gefuna uku da kusurwoyi uku da ke tsakaninsu. Na gishiri kamar ɗan lido yake, kowane gefe nanomita 0.564, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Ƙwayar gishiri mai faɗin rabin milimita tana da irin wannan akwati kusan 900,000 a jere a gefe ɗaya kawai.

Lissafin abin da ke cikin akwatin shi ne inda ake asarar maki a jarrabawa. Yaro ya kalli zane ya ƙirga ƙwallaye 27 ya rubuta 27. Ki tambaye su, bishiyar da ta fito daidai kan iyakar gonaki huɗu ta wa ce? Kowa rubu'i gare shi. Haka ƙwayar da ke kan kusurwar akwati, akwatuna takwas ne suka yi tarayya a kanta, kowanne yana da ɗaya bisa takwas. Ta kan gefe huɗu ne ke raba ta, ta kan fuska biyu, ta tsakiya kuwa ta mai gida ce shi kaɗai. A gishiri, kilorin takwas na kusurwa sun ba da ɗaya, shida na fuska sun ba da uku, huɗu ke nan. Sodiyom goma sha biyu na gefe sun ba da uku, ga ɗaya a tsakiya, huɗu. Huɗu da huɗu, shi ya sa ake rubuta NaCl, ɗaya ga ɗaya.

Daga nan wani abu ke fitowa da ya kamata ki jaddada: babu molikul na gishiri, wato ɗan curin ƙwayoyin zarra da ke zaman kansa, a cikin ƙwayar gishiri. Kowane sodiyom kilorin shida ne suka kewaye shi, kowane kilorin sodiyom shida, babu wanda za a ce wannan ne abokin wancan. Wannan shida ita ake kira lambar kewaye. William Henry Bragg da ɗansa Lawrence su suka fito da wannan tsari a 1913 ta hanyar haska gishiri da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Shekara ɗaya kafin nan, a 1912, Max von Laue da abokan aikinsa a Jamus suka fara nuna cewa in hasken ya ratsa kiristal yakan watsu ya bar ɗige-ɗige masu tsari a kan faranti. Uba da ɗa suka karɓi kyautar Nobel a 1915, ɗan yana da shekara 25.

Sistem kuwa rabon kiristal ne gida-gida bisa daidaiton siffa, kuma gida bakwai ne. Hanya mafi sauƙi ita ce a bi ta siffar akwatin. In kamar ɗan lido yake, kiyubik ke nan: gishiri, alif, daimon. In an ja ɗan lidon ya yi tsawo ta gefe ɗaya, tetiragonal, kuma kuzar da ake haƙowa a Jos tana nan. In kamar kwalin ashana ne, gefuna uku kowanne da tsawonsa amma kusurwoyi a miƙe, otorombik, gidan farar wuta. Ki tura kwalin ashanar ya karkace ta gefe ɗaya, monokilinik, kuma nan ne sukari da kanwa da jipsam suke. In ya karkace ta ko'ina, tirikilinik, kamar shuɗin kofa salfet na ɗakin gwaji. Saura hegzagonal, inda ƙanƙara da bakin fensir suke, da tirigonal na kwaz da kalsait. A cikin waɗannan gidaje bakwai, Auguste Bravais ɗan Faransa ya nuna a tsakiyar ƙarni na 19 cewa hanyoyin jera ɗigo 14 ne kacal. In aka haɗa da dukan hanyoyin juyi da madubi da zamiya, a sami rukunin tsari 230, lissafin da Fedorov na Rasha da Schoenflies na Jamus suka kammala wajen 1891. 'Yan sakandare bakwai ɗin ta ishe su.

Kalmomin waje

Habit ita ce surar da kiristal ya girma da ita, wadda ido ke gani: ko kamar allura, ko falle-falle, ko dunƙule, ko sanda. Ita ce aka fi rikitawa da sistem, alhali sistem na ciki ne. Alif ɗin da ake sa wa ruwa ya kwanta ɗan gidan kiyubik ne, amma in kika raine shi a kofi ba ɗan lido zai ba ki ba, zai fito kamar dala biyu da aka haɗa gindi da gindi, fuska takwas. Gishiri a ruwa zalla yana ba da ɗan lido, amma in akwai yuriya da yawa a ruwan, irin ta takin zamani, sai shi ma ya koma mai fuska takwas. Jerin ciki bai canja ba ko kaɗan. Yuriyar ce ta manne wa wasu fuskoki ta rage musu saurin girma, kuma ƙa'ida ce cewa fuskar da ta fi jinkirin girma ita ke wanzuwa ta yi faɗi, mai sauri kuwa takan cinye kanta ta ɓace.

Abin da ba ya canjawa shi ne kusurwa. Nicolas Steno ya lura da haka tun 1669 a kan kwaz: ko dutsen siriri ne ko gajere, ko wata fuska ta danne wata, kusurwar da ke tsakanin fuskoki biyu na gefensa digiri 120 ce. Wannan ita ce gadar da ta haɗa waje da ciki, tun kafin a san yadda za a leƙa cikin. Lambobin nan uku da kike gani a littafi, kamar 100 ko 111, suna ne na fuskoki, tsarin da William Miller ya kawo a 1839. Fuskar ɗan lido ita ce 100, ta dala 111. Tsagewa kuma, wadda na ambata, ita ce rabuwar kiristal sumul ta layin da riƙon ƙwayoyi ya fi rauni. Ba kowane kiristal ke da ita ba. Kwaz kiristal ne cikakke amma fashewar kwalba yake yi, saboda haka kada ki ce wa yara duk abin da bai tsage sumul ba amofos ne.

Akwai kuma kiristal tilo da tarin kiristal, kuma wannan ɗalibanki sun riga sun san shi ba su sani ba. Duk wanda ya je sayen farantin sola an tambaye shi mono ko foli. Mono an yanko shi daga silikon guda ɗaya da jerinsa bai karye ba daga wannan baki zuwa wancan, shi ya sa launinsa baƙi ne bai ɗaya. Foli kuwa ƙananan kiristal ne birjik suka haɗu, kowanne da inda ya fuskanta, shi ya sa ake ganin shuɗin faci-faci. Iyakokin da ke tsakaninsu suna tare wutar, dalilin da ya sa mono ya fi ba da wuta ke nan. Sabon kwanon rufi ma ki duba shi a rana, furannin nan da ke jikinsa kiristal ɗin zinki ne. Kusan duk ƙarfe haka yake, haka kantun gishirin Bilma, haka mazarƙwaila. Ba su da fuska ko ɗaya mai sheƙi, amma kiristal ne.

Sinadari ɗaya jeri biyu, jeri ɗaya sinadari biyu

Polimof na nufin sinadari ɗaya ya jeru ta hanya fiye da ɗaya. Dutsen da ake fasawa a Kalambaina ana yin siminti da shi kalsiyom kabonet ne, galibi a jerin kalsait. Wannan sinadari dai yana da wani jerin, aragonait, wanda shi ne mafi yawan abin da ke cikin lu'ulu'un teku na ainihi. Ki gaya wa yarinyar nan cewa lu'ulu'u ɗan'uwan dutsen siminti ne, ta kai wa innarta labari. In abin ya shafi sinadari tilo wanda ba haɗi ba, kamar kabon, sai a ce alotirof. Daimon da bakin fensir duk kabon ne. A daimon kowace ƙwaya ta riƙe huɗu da ke kewaye da ita, a bakin fensir kuwa falle-falle suke kamar takardu a jibge, suna zamewa su bar baƙi a takarda.

Masu haɗa magani ba sa wasa da wannan kalma, domin jeri daban narkewa daban. A 1998 maganin ritonavir na masu cutar ƙanjamau ya fara fitowa da wani sabon jeri da ba a san shi ba, wanda ba ya narkewa sosai, har sai da aka janye kafson daga kasuwa aka sake haɗi.

Aisomof kishiyar wannan ce, sinadarai daban masu kama da juna a tsari, sura ɗaya. Eilhard Mitscherlich ya bayyana ta a 1819. Alif fari da alif mai kuromiyom, wanda launinsa shunayya ne, misali ne mai kyau, har ana iya rainon fari a kan shunayyan ya lulluɓe shi kamar riga. Tozali ma, irin mai nauyi da ke walƙiya yana fashewa 'yan murabba'i, jerinsa irin na gishiri ne sak. Sai dai dalma ce da farar wuta, dalma kuwa guba ce, kuma tunda 'yan mata kike koyarwa ki faɗa musu kada a sa wa jarirai shi.

Sahu kuma ba ya rasa giɓi. Wani wuri babu kowa, wani wuri yaro ya kutsa tsakanin manya, wani wuri baƙo ya tsaya a gurbin ɗan gari. Waɗannan su ne naƙasun kiristal, kuma sau da yawa su ke kawo launi. Jan yaƙutu da shuɗin da ake haƙowa a Mambila dutse ɗaya ne, alminiyom oksaid. Ɗan kuromiyom ne ya shiga gurbin alminiyom ya ba da ja, ƙarfe da titaniyom suka ba da shuɗi.

Ruwan da ke cikin busasshen abu

Wannan sashe yanayin garinmu ya sauƙaƙa mana shi. Wasu kiristal suna da ruwa a cikin jerinsu, adadi ƙayyadadde, kowane molikul da mazauninsa. Shi ne ruwan kiristal, kuma ba jiƙa ba ce, abin a bushe yake ƙamas. Kofa salfet yana da biyar, alif goma sha biyu, jipsam biyu. Ki gasa shuɗin kofa salfet a cokali zai koma farin gari, ki ɗiga masa ruwa ya dawo shuɗi har da ɗumi. Jipsam, wanda ake samu a ƙasar Dange kuma ake ɗan zuba shi a siminti don kada ya yi saurin kamawa, in an gasa shi wajen digiri 150 sai ya saki kashi uku cikin huɗu na ruwansa ya zama garin da ake silin piyopi da shi. Mai aikin silin yana kwaɓa shi, ruwan ya koma mazauninsa, allurai na jipsam su sarƙe da juna, ya ƙame.

In kiristal ya saki ruwansa da kansa a busasshiyar iska ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari, shi ne efiloresens, kuma da hunturu a Sakkwato kwana ɗaya ya isa ki ga haka a sodiyom kabonet mai ruwa goma in kin bar shi a buɗe. In ya sha danshin iska kawai, haigiroskofik. In ya sha har ya narke a ruwan da ya jawo, kamar soda ta masu sabulu, delikwesens. Gishirin kasuwa da ke jiƙewa a watan Agusta yawanci magniziyom kilorid da ke gauraye da shi ne ke jawo ruwan.

Wata shekara a watan Afrilu na aiki ɗalibi ya ɗauko mini kwalbar sodiyom salfet mai ruwa goma daga ɗakin ajiya. Ya dawo yana cewa, "Malam, wagga kwalba ruwa na ciki, an zuba muna ruwa." Na ɗaga ta, ga ruwa a sama, ga farin laka a ƙasa, murfi a rufe gam. Har na fara zargin yara. Sai daga baya na tuna wannan sinadari a digiri 32 da ɗan ɗoriya yake narkewa a cikin ruwan jikinsa, ɗakin kuwa rufin kwano ne, zafinsa ya haura 40. Littattafan da muke amfani da su an rubuta su ne inda zafin ɗaki yake 20 ko 25. Tun daga ranar nake fara darasin ruwan kiristal da wannan kwalba.

In kina son su riƙe kalmomin rainon kiristal, ki sa su yi da hannunsu. Ki narka alif a ruwan zafi har ya ƙi karɓa, ruwan ya ƙoshi ke nan. Ki tace a kofin gilashi mai tsabta. Yana hucewa zai riƙe fiye da abin da ya kamata ya riƙe, ya wuce ƙoshi. Washegari za ki tarar da ƙananan kiristal a gindi. Ki zaɓi mafi kyau, shi ne iri, ki ɗaure shi da zare ki rataya a ruwan da ya rage, wanda ake kira uwar ruwa. Ki rufe bakin kofin da ƙyalle, musamman da hunturu, don kowace ƙwayar ƙura da ta faɗa sai kiristal ya ƙullu a kanta, ki tashi da tsaki maimakon guda babba. Ki ajiye inda zafi ba ya hawa da sauka, kusa da randa ya fi bakin taga. Cikin mako biyu za ki sami mai fuska takwas da za a iya riƙewa da yatsu. Gishiri ba ya yin wannan dabara ta hucewa, don giram 36 yake narkewa a giram 100 na ruwan sanyi, a tafasasshe kuma 39 kacal. Shi sai dai a bar ruwan ya ƙafe. Zumar da ta yi tsaki-tsaki a kwalba ma wannan aikin ne, gulukos ɗinta ne ya fito, ba lalle an yi mata algus da sukari ba.

Inda ma'anar littafi ta tsaya

Ma'anar da na ba ki ta maimaituwa ita ce ta jarrabawa, kuma ita za ki koyar. Amma masana sun faɗaɗa ta. Mai shimfiɗa tayil ya san mai kusurwa uku da huɗu da shida suna rufe daɓe ba giɓi, mai kusurwa biyar daidai wa daida kuwa sai ya bar fili. Saboda haka aka daɗe da yarda cewa kiristal ba zai taɓa zama da daidaiton biyar ko goma ba, wato siffar da ke komawa yadda take sau biyar ko goma a juyi ɗaya. Ranar 8 ga Afrilu 1982 Dan Shechtman ya ga ɗige-ɗige masu daidaiton goma daga wani haɗin alminiyom da manganis. Aka yi masa ca, Linus Pauling mai Nobel biyu yana cikin waɗanda suka ƙi yarda har ya rasu. Abin ya tabbata: akwai jeri mai cikakken tsari wanda ba ya maimaita kansa, aka sa masa suna kwasikiristal. A 1992 ƙungiyar masana kiristal ta duniya ta sake ma'anar, ta ce kiristal shi ne duk daskararren da ke ba da ɗige-ɗige rarrabe in an haska shi. Shechtman ya karɓi Nobel a 2011. Ga kuma kiristal mai ruwa-ruwa na allon waya da kalkuleta, wanda ke kwarara amma molikul ɗinsa suna fuskantar gefe ɗaya. Wannan suna ne ya ara, matsayi ne tsakanin ruwa da daskararre.

Abu biyu zan ja hankalinki a kai. Kalmomin Hausa da na yi amfani da su, irin su lambar kewaye da uwar ruwa da daskararre mai jeri, nawa ne na aji, ba wata hukuma ce ta tsayar da su ba. Ki yi bayani da su, amma ki sa yara su rubuta na Turancin yadda yake a littafi, da shi za a yi musu maki. Na biyu, da zarar an ji kina koyar da kiristal za a fara kawo miki duwatsu a ƙulle a leda ana tambaya ko daimon ne. Ni ma ana kawo mini. Ido da wuƙa da ɗigon asid suna iya raba kalsait da kwaz, don kalsait wuƙa na karce shi kuma yana kumfa, kwaz kuwa shi ke karce gilashi. Abin da ya wuce nan sai na'urar eksire ta masu nazarin duwatsu, kuma can nake tura mai dutse.